Garajin dattijon hanyar Ɗan Isa da sofaj ɗin da ya ƙi zafi

Corolla ce ta 2005, na saye ta a watan Afrilu tana zuwa daga Kwatano. Wanda ya san Afrilun Maraɗi ya san ba mai taɓa maɓallin sofaj, wanda maƙwabtanmu na Katsina ke ce wa hita. Kilim, wato na'urar sanyi, kawai na gwada, na biya kuɗi. Sai da Janairu ya kama, muka tashi bayan sallar asuba ni da Inna za mu suna Tasawa, na murɗa maɓallin zuwa ja. Iska ta fito da ƙarfinta, amma sanyi ƙalau. Inna ta ƙudundune cikin mayafi biyu, ba ta ce mini uffan ba har muka wuce Gazawa, ni kuwa shirun nan ya fi mini faɗa ciwo.

Makaniken farko da na je wa, ba zan faɗi wurinsa ba, ya ce gas ne ya ƙare. Na biya, ba abin da ya canza. Daga baya na gane sofaj ba ruwansa da gas ko kaɗan. Ruwan zafin inji ne ke bi ta cikin wani ɗan ƙaramin lagireto da ke ɓoye bayan tablo, wato allon gaban direba, fanka ta hura iska ta cikinsa.

Wani direban tasha ya kwatanta mini garajin wani dattijo a kan hanyar Ɗan Isa. Ba allo, rumfar kwano ce da bishiyar dogonyaro, sai yara uku. Abin da ya fara burge ni, bai ɗauki sifana ba. Ya bar injin ya huce, ya buɗe murfin lagireto, ya tsoma yatsa ya nuna mini. Ruwan ja ne kamar na Gulbi da damina.

"Ɗana, ruwan famfo kake zuba mata?"

"Shi nake zubawa, Baba."

Ya girgiza kai kawai. Ya sa aka tada mota, ya dafa tiyon sama na lagireto. Ya ce in injin lafiya yake, tiyon nan zai zauna da sanyinsa har sai injin ya ɗau zafi, sannan ya yi zafi farat ɗaya. Nawa tun daga farko yake ɗumama a hankali, allurar zafi kuma minti goma sha biyar ba ta bar ƙasa ba. Ya ce an cire tarmosta. Da suka kwance wurin, wayam. Wannan ɗabi'a ce ta garejinmu: mota na shigowa daga Turai sai a zare tarmosta a yar, wai kayan ƙasar sanyi ne. Na ce masa ni ma haka na taso ina ji. Ya ce ƙofa ce kawai, a rufe take har ruwa ya kai digiri 82, daga nan ta buɗe. Motar da ke tafasa da bazara, a duba dattin lagireto ko fanka. Injin da ke yawo da sanyi kuwa mai yake sha fiye da ƙima. Nan maganar ta shige ni, don tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, kwalabar bakin hanya ta daina yi mana sauƙin da muka saba.

Bai tsaya nan ba. Bayan an sa sabon tarmosta injin ya ɗau zafi, ya kama tiyo biyun da ke shiga bangon da ke tsakanin inji da cikin mota. Ɗaya ba ya taɓuwa don zafi, ɗayan ɗumi-ɗumi. Ya ce ɗan lagireton ya toshe da tsatsa, ruwa na shiga ba ya fita yadda ya kamata. Suka zare tiyon biyu, suka tura ruwa ta bakin fita a hankali, don matsi mai yawa na iya fasa shi, kuma in ya fashe sai an sauke tablo gaba ɗaya. Laka ta yi ta fita, har bokiti uku kafin ruwan ya washe. Ya leƙa ƙarƙashin tabarmar gaba ya shafa, a bushe take, alamar ba ya yoyo.

Cire iska ne ya fi cin lokaci. Aka ɗora gaban motar kan tudu, sofaj a ƙure, murfi a buɗe, yaro na matsa tiyo, kumfa na fita har fankar lagireto ta tashi sau biyu. Ya ce da kumfar ta ƙi ƙarewa, da sai mu fara zargin gaskit ɗin kan inji, wannan kuwa wata magana ce mai tsada.

Tarmosta, ruwan lagireto na galan mai ruwan hoda da kuɗin hannu, duka jika ashirin da biyu na kashe. Bai yi mini tsada ba. Inda zan yi ƙorafi shi ne lokaci: na kai mota ƙarfe takwas, sai bayan la'asar na karɓa, don shi kaɗai ke yanke hukunci, yaran ba sa taɓa komai sai ya zo, ga motoci biyar a gabana. Wayarsa kuma ado ce, ba ya ɗauka. Kaya ma ba ya sayarwa, kai za ka je ka sayo, kuma sau ɗaya ya maido ni da tarmosta ya ce jabu ne. Wanda zai je ya tafi da safe, ya shimfiɗa tsumma kan kujera, don yaran sun bar mini tabon baƙin mai wanda har yau bai fita ba.

Makon jiya na sake ɗaukar Inna da asuba. Kafin mu fita gari ta ce, "Kai, rage wutar nan, gasa ni za ka yi?" Allurar na tsaye a tsakiya. Saura in ga yadda motar za ta yi a Afrilu.