Roblox, Minecraft ko Second Life: wanne wayarka da datarka za su iya ɗauka?

Yayata da ke Unguwar Rogo ta kira ni wata Asabar, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Kai da ka san kan waya, ɗan nan naka ya hana ni sakat, wai sai an saya masa tabarau ɗin nan da ake shiga wata duniya da shi." Na ce, "Yaya, ki riƙe kuɗinki tukuna." Meta Quest 3S, wanda ake ganin shi ne mai rangwame a cikinsu, dala 299 aka sa masa da ya fito a 2024, kafin a ɗora kuɗin shigo da shi da ribar mai shago. Kuma yawancin waɗannan duniyoyi na intanet, inda mutum ke ƙera surarsa ya yi yawo, ya yi gini, ya yi hira da wasu, da wayar hannu ake shigarsu. A nan Jos abin da ke yanke hukunci shi ne ƙarfin wayarka, da datar da za ka iya saye a wata, da kuma wutar da za ta yi maka caji.

Roblox yara suka fi sani, don kyauta ake sauke shi. Tun 2006 yake, David Baszucki da Erik Cassel suka kafa shi a Amurka. Kamar kasuwar Taminus yake: fili ɗaya, rumfuna ba iyaka, kowace rumfa wasa ce da wani ya ƙirƙira. Yaro mai kaifin kai zai iya buɗe Roblox Studio a kwamfuta ya gina nasa wasan, har ya fara koyon rubuta manhaja. Sai dai kyautar a bakin ƙofa ta tsaya. Riga, hula, mota, duk da kuɗin ciki ake sayensu, wato Robux, kuma yaron da abokansa suka yi ado ba zai bar ka ka huta ba. Ba ya tashi sam sai da intanet, ga shi kuɗin data ya hau tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Abin da ya fi damuna shi ne hira da baƙi. Turkiyya ta rufe Roblox a watan Agustan 2024 saboda kare yara. Akwai saitin iyaye da ke taƙaita hira da kashe kuɗi, amma sai uwa ko uba sun zauna sun kunna shi, kuma an sa shekarun yaro na gaskiya, ba a ƙara masa goma ba.

Minecraft kuwa saye ake yi sau ɗaya, kusan dala 7 a waya, kusan 30 a kwamfuta. Daga Suwidin ya fito, Markus Persson ya fara shi a 2009, Microsoft ya saye Mojang, kamfanin da ke yin sa, a 2014 kan dala biliyan 2.5. Komai na cikinsa tubali ne mai kusurwa huɗu, har rana da tumaki. Mutum ya haƙa ƙasa, ya sari itace, ya yi gida, ya ja ruwa zuwa gona. A yanayin ƙirƙira babu abin da zai kashe ka, kaya kuma ba sa ƙarewa. A yanayin neman tsira sai ka nemi abinci ka ɓuya kafin dare. Dalilin da ya sa na fi son shi ga mai farawa: bayan an sauke an shiga, ana iya yin sa ba data. Yara biyu a ɗaki guda su haɗa wayoyinsu da hotsifot su yi gini tare, ba wani baƙo daga wata ƙasa da zai leƙo. Wahalarsa biya ce, don katin naira ba kullum yake wucewa ba. Kada hakan ya kai ka wurin masu tura na bogi a shagon caji. Na taɓa karɓar irinsa, kwana uku wayata na buɗe tallace-tallace ita kaɗai, sai da na goge komai. In kuɗin babu, akwai Luanti, wanda a da ake kira Minetest: kyauta ne, ba shi da nauyi, kyansa dai bai kai na asali ba.

Zepeto na Koriya ta Kudu, wanda ya fito a 2018, na masu son kwalliya da hoto ne. Ka gyara fuska, ka sauya kaya, ka ɗauki bidiyo. Gini kaɗan, kashe kuɗi da yawa, kuma yana ɗumama ƙaramar waya.

Second Life na manya ne, kada a ba yaro. Kamfanin Linden Lab ya buɗe shi a 2003, kuma babu ci ko faɗuwa a cikinsa, zama kawai ake yi. Mutane na hayar fili, su ɗinka tufafi su sayar da kuɗin ciki mai suna dalar Linden, wadda ake iya canzawa zuwa dalar Amurka. Wanda ya iya zane a kwamfuta zai ga abin sha'awa. Amma ranar farko takan gundure mutum: ka tsaya kamar gunki kana jira gine-gine su bayyana ɗaya bayan ɗaya, tsohon laftof yana huci. Akwai kuma unguwannin da mai kunya ba zai so ya faɗa ba, sai a duba alamar wuri kafin a shiga. VRChat ma kyauta ne, ana shigarsa da kwamfuta ba tabarau, amma kusan duk magana ce da murya, da Turanci ko Japananci, cikin mutanen da bakinsu ba linzami.

Su Decentraland da ake tallar sayen fili da kuɗin kirifto, mai farawa ya wuce su kawai.

Kafin ka biya ko sisi, duba ƙwaƙwalwar wayarka. In RAM ɗinta giga 2 ne, Roblox zai riƙa sandarewa yana fitar da kai. Daga giga 4 ake samun sauƙi. Gwada na kyauta mako guda, ka leƙa saitin waya ka ga nawa ya sha na data. Pawa banki ma ya fi tabarau amfani a unguwar da wuta ke zuwa tsakar dare.

Yaya dai Minecraft muka saya wa ɗanta, na sa a wayarta don ta riƙa karɓewa in lokacin Islamiyya ya yi. Bayan mako biyu na je gidan, ya jawo ni gefe ya ce, "Kawu, zo ka gani." Ya gina gidansu, da zaure da rijiya da turken awaki, a bayansa kuma ya tara duwatsu masu tsayi ya ce wai Dutsen Shere ne. Rufin ɗakin babarsa ne kawai bai gama ba, caji ya ƙare.