Kan panorama mai reli: abin da na gani bayan wata bakwai ina fama da shi

Wata bakwai kenan da na sayi wannan kan panorama, wato ƙarfen ɗaukar hotuna a jere da ake haɗawa su zama hoto ɗaya mai faɗi, da ake ɗaurawa a saman tirayfod, mazaunin kamara mai ƙafa uku, kuma sai yanzu na ji zan iya buɗe baki in yi magana a kansa, don da a satin farko wani ya tambaye ni wallahi zagi kawai zai sha. Sunan kamfanin ma ba shi da wani amfani, irinsu suna da yawa kuma duk kusan kamarsu ɗaya, faifai ne mai juyawa da aka rubuta digiri 0 zuwa 360 a jikinsa, sai reli na alminiyom mai layin milimita da kamara ke zamewa gaba da baya a kai, sai bireket mai siffar L na tsayar da kamara a tsaye. Ni ba sana'ata ba ce hoto, sha'awa ce kawai, kamarata ma tsohuwa ce, Canon 600D wadda ta fito tun 2011, da lens ɗin da ta zo da shi 18-55.

Abin da ya kai ni ga sayensa takaici ne. Na daɗe ina ɗaukar panorama da hannu, in tsaya wuri ɗaya ina juyawa ina danna shota, in dawo in haɗa a kwamfuta, kuma in dai duwatsu ne can nesa ko gajimare lafiya lau yake fitowa ba ka ganin ɗinki ko ɗaya. Amma da zarar akwai wani abu kusa da ni, shinge ko ƙarfen baranda ko reshen bishiya, sai ka ga manhajar ta karya shi gida biyu, rabi a sama rabi a ƙasa kamar an sare shi da adda an maida ba daidai ba. Na ɗauka laifin manhaja ne na yi ta canje-canje, ashe matsalar daga wajen ɗauka take. Ka miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya ka buɗe ɗayan, za ka ga yatsan ya yi tsalle a kan abin da ke bayansa, to wannan shi ake kira faralaks. In kamara ta juya a kan jikinka ko a kan sukurun da ke ƙarƙashinta, idon lens ɗin yana matsawa gefe a kowane hoto, abin kusa da abin nesa ba sa zama wuri ɗaya a hotuna biyu masu maƙwabtaka, manhaja kuma ba boka ba ce, dole ta zaɓi ɗaya ta karya ɗaya. Akwai wani wuri a cikin lens ɗin, inda in ka leƙa ta gaba kake ganin kamar a nan ramin shigar haske yake, in aka juya kamara daidai a kansa tsallen nan ya ƙare. Masu hoto da yawa nodal suke ce masa. Aikin relin gaba ɗaya kenan, ya ja kamara baya har wannan wurin ya hau kan tsakiyar faifan.

To nemo wurin nan shi ya ci min sati. Takardar da ta zo cikin kwalin ba ta ce komai a kai ba, zane uku ne kawai na yadda ake ɗaura sukuru, kai ka ce wanda ya rubuta bai taɓa riƙe kamara ba. Yadda na yi daga ƙarshe, na kafa sanda kamar taku biyu daga gabana, na saita ta da gefen wata ƙofa da ke can nesa, na kunna allon kamara na ƙara girman hoton sau 10, sai in juya hagu in juya dama ina kallon ko sandar na gocewa daga ƙofar. In ta goce in ja relin milimita biyu in sake. Haka na yi ta yi har sandar ta tsaya cak ko ina na juya, ranar kam na yi murna kamar yaro. Sai washegari na ɗan juya zum zuwa 35 na ga komai ya rushe, ashe wurin nan yana tashi in ka canja zum, kowane tsayi da nasa. Yanzu na ɗiga fenti fari a relin na 18 da ja na 35 na huta, ba na ma kallon lambobin, wanda dama na jikin nawa sun fara gogewa tun wata na uku don bugawa aka yi ba sassaƙawa ba, wannan kam aibi ne babba ga abin da duk amfaninsa a milimita yake.

Abin da na fi so a jikinsa shi ne ƙarar nan ta ƙas ƙas da faifan ke yi. Akwai ɗan sukuru da kake matsarwa rami-rami, ka zaɓi ya riƙa tsayawa duk bayan digiri 15 ko 30 ko 45, ba sai ka sunkuya kana karanta lamba ba, a duhu ma hannunka zai ji. Lissafin kuma mai sauƙi ne, sensar kamarata, wato farantin da hoto ke sauka a kai a ciki, milimita 22.3 ce a 14.9, in na tsayar da ita a tsaye da lens a 18 kowane hoto yana cin wajen digiri 45 a faɗi, in ina juyawa 30 to digiri 15 na kowane hoto ya hau kan na gaba, kashi ɗaya cikin uku kenan, wanda ya ishi manhaja ta samu abin kamawa. Hoto 12 ka zagaye duniya ka dawo inda ka fara. Kuma a tsaye nake ɗauka kullum saboda bayan an haɗa sama da ƙasa suna fitowa a karkace sai an yanke, in a kwance ka ɗauka abin da zai rage maka siriri ne kamar ɗamara. Cikakken zagaye yana ba ni faɗin fiksel sama da dubu 26, daga kamarar da hotonta ɗaya 5184 ne kacal, ranar da na fara buɗe irinsa ina zuƙowa ina ganin rubutun allon da da ido ma ban lura da shi ba na jima zaune ina kallo.

Manhajar Hugin nake haɗawa da ita, kyauta ce, an gina ta a kan Panorama Tools da wani malamin jami'a Bajamushe Helmut Dersch ya fara rubutawa. Bambancin da na gani shi ne kafin relin sai in zauna ina saka ɗigon daidaitawa da hannu ɗaya bayan ɗaya ina goge waɗanda suka faɗa kan gajimare, yanzu kuwa yawanci sau ɗaya take kamawa ta wuce. Cikin ɗaki ma da da ko gwadawa ba na yi, layin tayil da gefen taga suna fitowa a miƙe sambal.

Amma fa kar wani ya ɗauka ƙarfen zai yi masa komai. Panorama uku na farko da na yi da shi duk zubarwa na yi kuma duk laifina ne. Na bar kamara a otomatik, hoton da ke fuskantar rana ya yi duhu na gefensa ya yi fau, aka haɗa sama ta fito tsiri-tsiri kamar an yi mata faci. Dole ka koma M, wato saitin hannu, ka auna haske a wurin da ya fi haske cikin zagayen yadda ba zai ƙone ba, ka kulle, ni f/8 (girman ramin shigar haske) da ISO 100 (ƙarfin jin hasken sensa) nake zama akai in akwai rana. Daidaita launi ma a cire shi daga otomatik, fokas a yi shi sau ɗaya a kashe, na'urar hana rawar hoto ta jikin lens a kashe ta tunda a tirayfod kake, a sa jinkirin sakan 2 don kar yatsanka ya girgiza. Filtar nan mai rage ƙyalli da ke sa sama ta yi shuɗi sosai kuma a cire ta kwata-kwata, don ƙarfinta ya danganta da inda rana take, a panorama sai ta ba ka wani baƙin tabo a tsakiyar sama. Sannan wata dabara da na koya bayan na sha ruɗewa, kafin in fara in ɗauki hoton tafin hannuna, in na gama in sake, to a kwamfuta cikin hoto ɗari uku nan take na san inda kowane jeri ya fara da inda ya ƙare.

Ɗan lebul mai kumfa da ke jikin faifan nawa ƙarya yake yi, ba da yawa ba amma ya isa ya sa layin da sama ta haɗu da ƙasa ya fito yana lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Sai da na ɗora wani lebul daban na gane. Bireket ɗin L kuma yana toshe ƙofar batir, in batir ya mutu a tsakiyar aiki sai ka kwance komai da alanki, kuma allon kamarar da ke juyawa baya buɗuwa har ƙarshe. Nauyi ma akwai shi, ranar da na yi doguwar tafiya a ƙafa da shi kafaɗata ta gaya min.

Wani abu da ban taɓa tsammani ba, wannan ƙarfen ne ya tilasta min koyon tsaftar kamara. Ƙura ɗaya tak a kan sensa, a hoto ɗaya ƙila ba za ka kula ba, amma a panorama ɗigon nan zai jeru a sama sau 12 a layi ɗaya tazara ɗaya kamar sojoji a fareti, ka goge wannan ka ga wancan. Yanzu kafin in fita nakan sa f/22 in ɗauki farar takarda ba tare da fokas ba, duk datti zai fito ɓaro-ɓaro, kuma ka tuna hoto a kife yake sauka kan sensa, ɗigon da ka gani a sama to a ƙasa yake. Famfon roba na hura iska shi ne na farko, bakin kamara yana kallon ƙasa, kar ka kuskura ka hura da baki don yawu ya fi ƙurar wuyar fita, gwangwanin iska mai matsi shi ma a'a. In ya ƙi tashi sai sandar goge sensa mai faɗin milimita 16 ta irin girman tawa, ɗigo ɗaya ko biyu na ruwanta, shafa ɗaya zuwa ɗaya dawowa ka jefar, da batir cike taf saboda in ya mutu madubi da labulen shota za su rufo a kan sandar. Karon farko hannuna har rawa yake. Shi kansa faifan yana shan yashi, nawa ya fara ƙara kamar ana niƙa bayan wata fita da iska ta taso, na kwance na share da tsohon burushi na ɗan sa man shafawa na inji kaɗan ya dawo daidai. Jakar kuma kullum da ƙullin silika a ciki saboda danshi, don in fumfuna ta kama cikin lens ta yi masa zane kamar saƙar gizo to sai dai haƙuri.

Wasa kuwa na yi shi son raina. Akwai wanda ƙanina ya fito sau huɗu a hoto ɗaya, in na ɗauka sai ya zagaya ta bayana ya tsaya a gaba, sai dai ya tsaya tsakiyar firam ba wurin da hotuna ke hawa kan juna ba, in ba haka ba rabinsa zai ɓace ya zama fatalwa. Akwai na ƙaramar duniya, inda Hugin ke naɗe zagayen 360 ya zama ƙwallo bishiyoyi suna tsirowa ta ko'ina, duk wanda na nuna wa sai ya tambaya da wace irin kamara. Na kuma gwada salon da ake jingina wa Ryan Brenizer, mai ɗaukar hoton biki a Amurka, ka sa lens 50 a f/1.8 ka ɗauki mutum da kewayensa gutsure-gutsure ka haɗa, ya fito da faɗi amma bayansa ya narke luf. A nan kam relin bai taimaka sosai ba don nawa layi ɗaya yake juyawa, sama da ƙasa sai da na karkata kan tirayfod da hannu, na samu biyu masu kyau cikin bakwai.

Wani abokina ya ce min duk wannan wahalar me, wayarsa ma tana yi, kuma ban musa ba, iPhone tun 2012 take da panorama a ciki kuma in rana ce tsaka da fili buɗaɗɗe tana yin abin kirki cikin sakan goma. Amma ya gwada da magariba ko cikin ɗaki mai fitila ɗaya inda nake barin shota a buɗe sakan 4 kowane hoto, a nan ne za mu rabu. In kai duwatsu da teku daga nesa kawai kake ɗauka, ka riƙe kuɗinka, hannu ya ishe ka, ka dai riƙa juyawa a kan kamarar ba a kan ƙugunka ba. In kuwa cikin gini ne ko lungu mai ƙarafa da layuka ko dare, to a wurina kwalliya ta biya kuɗin sabulu duk da lebul ɗin ƙarya da lambobin da ke gogewa. In zan sake saye zan nemi mai lambobi sassaƙaƙƙu kuma mai hannu na biyu da ke juyawa sama da ƙasa, don har yanzu duk zagayen da na yi akwai baƙin rami a saman kai da wani a ƙarƙashin ƙafa da sai dai in yanke.