Plazar bakin layinmu, bayan ta haɗiye gidaje biyu

Shekararmu goma sha ɗaya a wani layi da ke bayan titin Zoo Road a Kano. Da muka tare, shaguna shida ne kawai a bakin layin. Bara mai shagunan ya sayi gidaje biyun da ke bayansa daga hannun magada, ya rushe su, ya tayar da bene hawa biyu. Yanzu plaza ake ce mata.

A ba kowa haƙƙinsa, wurin ya rage mini wahala. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, hawa A Daidaita Sahu zuwa kasuwar Singa saboda katan ɗin taliya ɗaya ya zama asara. Kantin da ke hawan ƙasa na plazar ya ɗan fi Singa tsada, amma in aka haɗa da kuɗin mota da cunkoson hanya, kunnen doki ne. Farashi a manne yake a jikin kaya, babu "nawa za ki saya, Hajiya?" Mai kifi da kaji yana da sola, ban taɓa samun kayansa sun saki ba. Biredin da ake fitarwa bayan La'asar kuwa, yarana sun daina kallon na mai shayi. Kemis ɗin yana kaiwa sha ɗaya na dare, kuma daren da zazzaɓi ya rufe autana na san amfanin haka. Shagon atamfa na sama ne ban ga dalilinsa ba. Mai Kantin Kwari a gari me zai kai shi can?

Wurin ajiye motoci bai wuce na mota shida ba, sauran a ƙofar gidajenmu suke tsayawa. Janaretan ma a bayan ginin aka dasa shi, wato jikin katangar maƙwabciyata.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan tagogi. Hawa na biyu tagogi shida gare shi ta baya, kuma duk tsakar gidajenmu suke kallo. Nan muke wanki, nan muke girki, nan muke shan iska da zafi ba tare da mayafi ba. Wata rana ina tankaɗe na ɗaga kai sai ga wani saurayi a taga yana waya, idonsa a kaina. Ban ce da gangan ya yi ba, taga ce aka buɗe masa. Tun ranar nake girki da hijabi a cikin gidana. Maƙwabciyata, dattijuwa mai jikoki, sai da ta sa aka ƙara wa katangarta kwano, yanzu iska ma ba ta shiga ɗakinta.

Maigida ya bi kadin maganar. Takardun filayen na gidan zama ne. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, don haka kafin a mayar da gida wurin kasuwanci sai an nemi izinin canjin a ma'aikatar filaye, sannan hukumar tsara birni ta KNUPDA ta amince da zanen ginin. Mai plazar ya nuna wa mai unguwa nasa takardun. Bayan rusau ɗin gine-ginen da gwamnatin jiha ta yi a 2023, wa zai zuba kuɗinsa a gini babu takarda a Kano? Takarda ya cika ta. Mu da muke bayan katanga ne bai yi wa ko sallama ba.

Da dattawan layi suka same shi bayan sallar Juma'a, ya karɓe su da mutunci, ya yi alkawarin toshe tagogin a bar 'yan ƙanana can sama don iska. An toshe biyu kafin azumi, daga nan magina ba su sake dawowa ba.

Jiya da na je sayen biredi na ce da yaron kantin, "Ɗana, ka gaida Alhaji, ka ce masa saura huɗu."