Kwalin "dasa da kanki" da na saya a Instagram: ganye ɗaya ne ya tsira, shi ma don ya ɓata ne

Na daɗe ina ganin tallar matar nan ta Abuja mai sayar da ƙananan fulawoyin nan masu kaurin ganye, waɗanda ke ajiye ruwa a jikinsu. Ba sai na kama suna ba, masu harkar sun san ta, sun kuma san farashinta ba na wasa ba ne. Abin da ya ja ni shi ne kwalinta na "dasa da kanki": ganyen wata irinsu mai suna echeveria 12, reshen wata mai suna jade 3, yankan ganyen moda mai rawayan gefe guda 2, ledar ƙasa, 'yar robar fesa ruwa da takardar bayani. A watan Agusta na tura kuɗi, aka saka min a mota, na aiki yaro tasha ya karɓo. Komai ya iso a naɗe tsaf, a nan kam ba ni da ta cewa.

Takardar bayanin ce ta cuce ni. Wai a shimfiɗa ganyen a kan ƙasar nan take, a riƙa fesa ruwa safe da yamma. Ni kuwa ga biyayya, ko maganin asibiti ban taɓa bi da ƙa'ida haka ba. Ku tuna fa Agusta ce, a Kano, watan da ruwa ya fi sauka, ko wanki sai ya wuni a igiya bai bushe ba. Ƙasar da ta haɗo kuma baƙa ce wuluk mai taki, in ka damƙa ta dunƙule kamar curin fura, irin wadda ta dace da alayyahu. Kwana huɗu ganyen suka fara yin garai-garai kamar an jiƙa su a mai. Na ce ko ƙishi ne, na ƙara ruwa. Kafin kwana goma sun yi baƙi sun narke, in ka taɓa sai ruwa mai wari. Na ƙirga gawarwaki 11. Na goma sha biyun ban gan shi ba, na ɗauka autana ne ya yi wasa da shi, har faɗa ya sha a banza.

Bayan kusan mako uku ina share dakalin taga, na janye kasko, sai ga ganyen nan kwance a kan busasshen siminti. Ba ƙasa, ba ruwa, ba wanda ya kula shi. Ya fitar da saiwoyi sirara ja-ja-ja kamar gashi, ga kuma ɗan tsiro a gindinsa wanda bai kai ƙwayar wake ba. Wallahi tsayawa na yi da tsintsiya a hannu, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Surukata tana gidan a lokacin, na kai mata ta gani. Ta juya shi a tafin hannu ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya ce miki ana dasa irin wannan da ɗanyen miki? Aguwar da muke shingen gona da ita ma sai an sare an yar, nonon ya bushe, kuma da bazara ake kafa ta tun ruwa bai sauka ba." Na ce, "Hajiya, ai da na tambaye ki da kuɗina sun huta." Matar da ba ta san Instagram ba, ta fi takardar gaskiya. Shi ganyen ruwansa da abincinsa suna cikinsa, da su yake shayar da ɗan tsiron har ya yamushe ya faɗi. Bakin da aka ɓalle kuwa ciwo ne a buɗe, in ba a bar shi kwana uku zuwa biyar a inuwa ya yi ɓawo ba, damshi na taɓa shi ruɓa za ta shiga. Echeveria asalinta 'yar busassun tuddan Meziko ce, jade kuma daga Afirka ta Kudu, ba abin da ya haɗa su da wankan safe da yamma.

Na tura wa mai kayan hotuna, raina a ɓace, na shirya rigima. Sai ta kashe min jiki. "Ayya Hajiyata, ki yi haƙuri, takardar ta lokacin hunturu ce." Ko da hunturun ma ni ban yarda da fesa ruwa sau biyu a rana ba, amma dai ta amsa laifi, ta aiko min da wasu ganye 8 kyauta, kuɗin mota kawai na biya. Wannan karon na yi gaban kaina. Na bar su kwana biyar a faranti, na haɗa yashin gini kashi biyu, dakakken gawayi kashi ɗaya, ƙasarta kashi ɗaya, a kaskon ƙasa mai huji. Ban ɗiga ruwa ba sai da na ga saiwa, daga nan ma sai ƙasar ta bushe ƙamas. Shida suka kama. Biyun da suka ƙi, da ma a yage suka zo, an bar gindin ganyen a jikin uwar, kuma daga nan ne tsiron ke fitowa. Reshen jade ukun duk sun yi. A lokacin har lambarta na ba ƙawayena biyu, ina cewa mutuniyar kirki ce, kuskure ne kawai.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Modar ita ce abin da na fi ƙwallafa rai a kai, don wannan rawayan gefen ne ya sa na zaɓi babban kwali. Ta ɗauki watanni ba motsi, na yi ta haƙuri. Ana cikin sanyi sai ga 'ya'ya sun ɓullo, kore shar, ba ko ɗigon rawaya. Na ce bari su girma. Suka girma, shiru. Sai daga baya na gane cewa mai rawayan gefe ba ta maimaita launinta in da yankan ganye aka dasa, koriya take komawa. Sai dai a raba gindin a cire ɗa da saiwarsa. To wannan fa ba kuskuren takarda ba ne. Wadda ke cin abinci da fulawa ba za ta ce min ba ta san haka ba, kuma hoton da ke kan tallar mai rawaya ne raɗau. Koriyar moda ai ko maƙwabciyata na roƙa za ta cire min kyauta.

Da na tuna wannan sai sauran ma suka dawo min. Fararen ƙwarin nan masu kama da auduga a jikin jade ɗinta suka shigo min gida, suka haye har kan shukar kariya da na yi shekaru ina lallaɓawa. Sai da na yi makonni ina bin su ɗaya-ɗaya da audugar goge kunne da sifirit. Ba ta kuma taɓa faɗa min cewa zafin Afrilu na Kano, da ke haura digiri 40, zai gasa echeveria in rana ta same ta kai tsaye ba. Biyu na rasa kafin na mayar da sauran can ƙuryar baranda.

In za ku saya, ganyen echeveria da reshen jade ɗinta masu kyau ne, ba zan zalunce ta ba. Ku yar da takardar, ƙasar kuma ku kai wa alayyahu. Moda kuwa kada ku karɓa sai mai saiwa, ku ga rawayan da idonku. Ni dai na tura mata hoton tawa tun watan Fabrairu. Ta buɗe saƙon, na ga alamar ta karanta, har yau ba ta ce uffan ba.