Ganin likita ta bidiyo daga makaranta: abin da na gani a kan ɗana

Ɗana mai shekara 8 ya daɗe da yin suna a ajinsu cewa ba ya jin magana, ba ya iya zama wuri ɗaya, kuma mun yi faɗan, mun yi bulalar, an yi masa rubutu ya sha, amma ƙiriniyar tana nan yadda take. Da makarantarsu da ke nan cikin garin Sakkwato ta kawo wani kamfani mai haɗa yara da likitan ƙwaƙwalwa ta kiran bidiyo, na amince ne domin mahaifiyarsa ta rantse ba za a kai mata ɗa asibitin masu taɓin hankali na Kware ba, tunda a unguwarmu duk wanda aka gani a wannan hanya sai an laƙaba masa sunan da ba ya gogewa.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne likitar ba ta yi gaggawar yanke hukunci ba. Kafin zaman farko an ba ni takardar tambayoyi ta Vanderbilt, an ba malamar ajinsa irinta, kowa ya cike tasa. Ta bayyana mana da Hausa cewa ba a tabbatar da wannan lalura ta rashin tattara hankali, wadda likitoci ke kira ADHD, sai alamunta sun kai wata 6 ana ganinsu, sun fara kafin yaro ya cika shekara 12, kuma sun bayyana a wuri biyu ko fiye, shi ya sa ta tsananta tambaya kan halinsa a gida da makarantar allo. Ana cikin magana yaron ya sulale ƙarƙashin tebur yana jan wayar cajin kwamfutar, na yunƙura zan daka masa tsawa, sai ta ce, "Malam, ku ƙyale shi, abin da nake son gani ke nan."

Sai dai akwai inda aikin ya gaza. Sau uku sabis yana yankewa a zama guda, takardar tambayoyin da Turanci take har sai da na fassara wa mahaifiyarsa layi bayan layi, kuma ofishin shugaban makaranta aka ba mu, inda masu biyan kuɗin makaranta ke ta leƙowa muna tsakiyar zancen da ya kamata ya zama sirri. Wannan na ƙarshe ya fi ɓata mini rai, domin gudun idon jama'a ne ya kawo mu tun farko.

Na yaba da ta san iyakar abin da bidiyo ke iya yi. Ta tura mu asibiti a duba masa ido da kunne, ta ce yaron da ba ya ganin allo ko ba ya samun isasshen barci yana iya kama da mai wannan lalura. Maganin methylphenidate kuwa, wanda ake ba masu wannan lalura, ta ce ba za ta rubuta ba sai an auna nauyinsa da hawan jininsa, ta kuma gargaɗe mu cewa yana rage cin abinci, yana iya hana barci. A yanzu an mayar da shi bencin gaba, ana ba shi aiki kaɗan-kaɗan, malamarsa na aiko mini da 'yar takarda kowace Alhamis. Zama na gaba bayan hutu ne, kuma na shaida wa makarantar ba zan zo ba sai an samar mana ɗaki mai ƙofa a rufe.