Littafin Judith Jones ya shiga raina, mai sayarwa kuwa ya ɓata min rai

Wata biyu ke nan da na yi odar The Tenth Muse na Judith Jones, editar littattafan girki 'yar Amurka, na hannu, daga wajen wani mai sayar da tsofaffin littattafai a intanet. Shekarata shida da aure a Amurka, ina son in gane yadda girkin mutanen nan ya faro. Na ɗauka girke-girke zalla zan tarar, ashe labarin rayuwarta ne, girke-girken suna can ƙarshe.

Tun shafin farko ta kama ni. Mahaifiyarta ta haura shekara 90, amma tana tambayarta wai da gaske tana son tafarnuwa? A gidan da ta tashi a New York ba a yarda tafarnuwa ta shiga tukunya ba. Sai da ta je Paris a 1948 bakinta ya san daɗin abinci. Da ta dawo ta tarar matan Amurka sun rungumi abincin gwangwani da daskararre, kowa na gudun daɗewa a kicin. Tana aikin edita a kamfanin buga littattafai na Knopf aka kawo mata rubutun Julia Child a kan girkin Faransa, wanda wani kamfani ya riga ya ƙi. Ta ɗauka ta kai gida ta riƙa gwadawa a tukunyarta, ta tsaya kai da fata har ya fito a 1961. Daga nan ta jawo wasu marubutan, Claudia Roden da girkin Gabas ta Tsakiya, da Madhur Jaffrey da na Indiya.

Inda hawaye ya zo min shi ne labarin Edna Lewis, jikar bayin da aka 'yanta, 'yar ƙauyen Freetown a Virginia. Judith ta lura cewa idan matar tana ba da labarin girkin gidansu da baki ya fi armashi, sai ta ce mata ta rubuta shi yadda take faɗa. Littafin Edna ya fito a 1976. Na tuna Innarmu, Allah ya jiƙanta, da ido take auna daddawa da kanwa, kuma babu ɗayanmu da ta zauna kusa da ita da biro.

To, da wannan zumuɗin na buɗe ɓangaren girke-girken ranar wata Asabar, na riga na yi cefane, na sa man shanu ya yi laushi. Me zan gani? Shafukan ƙarshe sun sha ruwa sun manne da juna kamar an shafa musu koko. Na bi a hankali da bakin wuƙa, takarda ta yage, rabin rubutun ya bi ɗaya shafin. Ga warin rima. Alhali mutumin nan ya rubuta cewa littafin kamar sabo yake! Na tura masa hotuna har huɗu. Sai bayan kwana tara ya amsa, wai lafiya lau ya bar hannunsa, in ina son kuɗina in mayar, kuɗin aikawa a kaina. Kuɗin aikawar ya kusa kai kuɗin littafin. Wallahi abin ya ci min rai, don ba kuɗin ne ya dame ni ba, ƙaryar ce.

Da ma wasu girke-girken Faransa ba na gidan Musulmi ba ne, saboda giya da naman alade, wannan na sani tun kafin in saya. Amma sauran fa? Su nake so in gwada, su kuma aka hana ni.

Da niyyar ba da tauraro biyar na zauna rubutun nan, yanzu da na sake duba shafukan nan, tauraro uku zan bayar. Labarin ya cancanci biyar ɗin. Mai son saya ya nemi sabo, ko ya sa a turo masa hoton shafukan baya kafin ya biya.