Zaki ko damisa: kafin ka zuba kuɗi a kyamara da tikitin daji

Duk mai ɗaukar hoton biki a nan Damagaram da ya ƙudura zuwa daji ɗaukar manyan dawa, tambayarsa ta farko ɗaya ce: wace kyamara ce ta fi janyo nesa? Akwai wadda ta kamata ta riga ta. Wanne kake nema, zaki ko damisa? Kayan da za su ishe ka ga ɗaya ba za su kai ka ko'ina ga ɗayar ba.

Zaki ba ya ba mai hoto wuya. Yana iya kwashe awa 20 a kwana yana kwance cikin iyalinsa a gindin itace, mota ta tsaya kusa da shi bai ko ɗaga kai ba. Damisa kuwa ƙi-sabo ce. Ita kaɗai take yawo, da dare take farauta, abin da ta kama ta haye da shi bisa reshe. In an gan ta, da jijjifi ne ko gab da magariba, cikin inuwar ganye. Ke nan abin da ke kashe hoton damisa rashin haske ne, nisa na baya.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da kyamarorin nan masu gilashi a manne, irin Nikon Coolpix P950 da ke janyowa ninki 83, ko P1000 mai ninki 125. A shago suna burgewa: ka nuna ta ga hasumiyar masallaci daga can nesa, ka ga har tsagar bango. Amma faifan da haske ke sauka a kansa cikinsu ɗan ƙarami ne ƙwarai. Da rana tsaka, zaki a fili, za su ba ka hoto mai kyau, kuma ba su da nauyi, ba a canza musu gilashi balle ƙura ta shiga. Da rana ta yi ƙasa sai hoton ya cika da ɗigo-ɗigo, tabbunan damisa su narke su haɗe da ganye. A cikin wannan dangi Sony RX10 IV ce ta fita daban, don faifanta ya fi girma, gilashinta na janyowa kamar mai tsawon milimita 600 kuma yana shigar da haske sosai. Sai dai kuɗinta ba na wasa ba ne.

Hanya ta biyu, wadda nake ganin ta fi dacewa da aljihun yawancinmu, ita ce tsohuwar DSLR ta hannu, wato kyamara mai madubi a ciki da ake canza wa gilashi, da dogon gilashi. Nikon D500 ko D7500 da gilashin milimita 200-500, ko Canon 7D Mark II da 100-400, ko kuma 150-600 na Sigma ko Tamron da ake yi wa kamfanonin biyu. Tunda faifan waɗannan kyamarori bai kai cikakken girma ba, gilashin 400 a kan Canon yana aiki kamar 640. Batirinsu na daɗewa. Illarsu nauyi: 150-600 kaɗai ya kusa kilo 2, kuma ƙananan jiragen da ke shiga dazuzzukan Kenya da Tanzaniya galibi kilo 15 suke yarje wa mutum, duk da tufafinsa.

Ta uku su ne sababbin marasa madubi, irin Canon R7, waɗanda ke gane idon dabba su liƙe masa ko tana tafiya. Ga damisar da ciyawa ta tare wa fuska, wannan babban taimako ne. To amma a kula da gilashin da ake haɗa su da shi don rage farashi. RF 100-400 ba shi da nauyi ko kaɗan, sai dai a ƙarshen tsawonsa bakinsa f/8 ne, wato haske kaɗan yake bari ya wuce. In kuɗi bai isa duka biyun ba, a sa su a gilashi, a haƙura da tsohuwar kyamara.

Sai batun daji, wanda shi ne ke cinye kaso mafi tsoka. Da a ce zaman lafiya ya samu, da ba sai mun yi nisa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma da kimanin 400, mafi yawansu a dajin W da Arly da Pendjari, tsakanin Nijar da Burkina Faso da Benin. Amma halin tsaron yankin a yanzu bai bari in ce wa kowa ya ɗauki jaka ya tafi ba. Termit da ke gabashinmu kuwa ƙasar barewa ce da namun hamada, ba a zuwa can neman zaki.

Mafi kusa da ke da tsari shi ne Zakuma a Cadi, wanda ƙungiyar kula da dazuzzuka ta African Parks ke gudanarwa tun 2010. Da rani ake shiga, don da damina ruwa ke malale shi. Akwai zakuna, ga ɓauna garke-garke, ga shi mai jin Faransanci ba zai sha wuya ba. Masai Mara ta Kenya ita ce ta mai son zaki ba tare da dogon jira ba, musamman daga Yuli zuwa Oktoba lokacin ƙaurar namun daji, sai dai lokacin ne kuɗin shiga ke kaiwa dala 200 ta Amurka a rana ga baƙo, kuma zaki ɗaya na iya tara motoci da yawa har su shiga maka hoto. Ga mai neman damisa, South Luangwa ta Zambiya na ba da izinin fita da dare da fitila, Sabi Sand kuma, a gefen Kruger ta Afirka ta Kudu, damisoshinta sun saba da mota har sukan bi ta gefenta. Ita ce ta fi tsada. A wurina, gara kwana huɗu a Luangwa da matsakaiciyar kyamara da kwana biyu a ko'ina da ta miliyoyi, domin damisa a kan ranarta take fitowa. A kuma tambayi mutum nawa ne a mota ɗaya kafin a biya. Wanda ya faɗa kujerar tsakiya, ƙeyar maƙwabcinsa zai yini ɗauka.

In za ka sayi ta hannu, a Kano ne ko a Yamai, kada ka yarda da hoton WhatsApp. Cire gilashin, buɗe bakinsa duka biyu, haska fitilar salula ta ciki. In ka ga wani fari-fari kamar saƙar gizo, fumfuna ce ta laima, irin da ke kama kayan da suka daɗe a bakin teku, ajiye shi. Nemi a nuna maka adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, sannan ka murza zoben gilashin ka saurara ko yashi na ƙara.

Kada a ɓata kuɗi kan maɗorin kyamara mai ƙafa uku, ba shi da wurin tsayawa a mota. Ɗinka ƙaramar jaka wurin tela, in ka isa ka cika ta da shinkafa ko wake, ka ɗora gilashin a bakin taga. Kuma kada dajin ya zama ranar farko da za ka gwada kayan. Dawakin hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram sun isa makaranta: sa saurin ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa, bi doki ɗaya cikin ƙura har ka iya kama idonsa. A kuma tafi da batir biyu na ƙari, katin ajiya fiye da ɗaya, katin rigakafin shawara, da kan soket mai baki uku irin na Ingila in Kenya ko Zambiya ka nufa, don namu mai baki biyu ba ya shiga bangonsu.